Tayoyin da Kurt Ya Sayo da Kansa

Bari in fara da amsa laifina tun kafin ku ji shi a bakin Mamata: na buɗe akwatin da ba nawa ba. Ko in ce nawa ne, amma ba a kai ga ba ni ba. Za mu zo wajen.

Ga waɗanda suka iske mu a tsakiyar hanya, sunana Marthese Buhagiar, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a shagon tayar Babana a St Albans, nan yammacin Melbourne. Ni ce mai ɗaukar waya, ni ce mai yin oda, ni ce kuma mai ɗaure noti duk ranar da ciwon bayan Baba ya motsa. A cikinmu 'yan asalin Malta, budurwar da ta kai shekaruna ba zobe a hannu ba a yi mata faɗa. Addu'a ake mata, da ƙarfi, tana zaune a wurin. Kakata Nanna ta ƙona kyandir a coci saboda ni har limamin cocin ya fara tambayarta ko wani ne ba lafiya a gida.

Sai ga Kurt Farrugia. Yana sayar da farantan wutar sola, yana da gidansa, yana da haƙora masu kyau. Mahaifiyarsa, Zija Censa, wato Goggo Censa a yarenmu, ba 'yar'uwarmu ba ce, ƙauyensu ɗaya da Mama a can gida, wanda a wajenmu ya fi 'yan'uwantaka nauyi. Wata takwas ke nan yana zuwa wajena. Gobe Lahadi, bayan an taso coci, iyalansu za su ci abincin rana a gidanmu. Ba wanda ya faɗa min dalili. Amma Mama ta fito da mayafin tebur mai leshi, wanda ba ya ganin rana sai an yi haihuwa ko mutuwa, ta sayi zomaye huɗu, ta kuma ajiye min burushin farce a kan filona. Ko makaho ya san me ake toyawa.

Kada ku yi saurin tsanarsa, don ni ban tsane shi ba. Kurt ne ke kai Nanna asibitin ido duk Alhamis, ya zauna awa uku yana jin labarin yaƙin da ta faɗa masa makon jiya. Hannunsa a buɗe yake. Matsalar guda ce: Kurt ba ya tambaya. Zai kawo min kofi a kofi mafi girma, da madara, alhali baƙi nake sha. Ya saya min rigar sanyi ta fata mai tsada, wadda ni da Mama za mu iya shiga tare. Idan na yi magana sai ya yi murmushi ya ce babba ta fi. Ina son sa, ina jin ina son sa. Amma wani lokaci idan yana kallona sai in ga kamar ya riga ya gama karanta ni tun ban buɗe baki ba.

Ranar Laraba ina cin biredi a kan kanta saƙonsa ya shigo. Hoto ne, ya rungumi tayoyi biyu a falonsa kamar an yi masa tagwaye.

"Na bayan motata Mustang ne. 315. Ranar Lahadi sai titinku ya tsaya kallo."

Na ajiye biredin. "Faɗin rim ɗinka nawa?"

"Inci sha tara."

"Wannan tsayinsa ne. Faɗi na tambaya."

"Na lissafa a intanet, tsayin taya ya zo daidai cif da na da."

"Tsayi ya yi. Amma rim ɗinka inci tara da rabi ne. 275 ce tasa, haka ma aka rubuta a jikin ƙofar direba. In ka matsa, 285. Tayar da ka saya tana son rim mai inci goma da rabi ko sama."

Ya ɗan jima, sannan ya turo: "Kin fi kyau idan kina maganar aiki." Da jar zuciya a ƙarshe.

Na san wasunku ba ruwansu da taya, matuƙar tana juyawa. To ga shi a taƙaice. Lambar nan faɗin taya ce. Idan ka cusa taya mai faɗi a rim siriri, wato ƙarfen da take zama a kai, kamar ka tura babban filo ne cikin ƙaramar riga: tsakiya ta kumbura, gefe ya ɗage. Mai mota yana ganin ya ƙara roba a ƙasa, alhali ya rage. A miƙaƙƙen titi ba za ka ji komai ba. Sai ka shiga kwana, gefen tayar ya lanƙwashe, bayan motar ya fara tunanin kansa. Ita kuma irin motar Kurt duk ƙarfinta a tayoyin baya yake, ga garin namu da ruwa ke sauka ba sallama. Duk wannan na rubuta masa, sakin layi uku. Ya amsa da babban yatsa.

Da yamma a kan tebur na tayar da maganar. Mama ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Ki bar namiji da motarsa. Ni shekara talatin da ɗaya ban taɓa gaya wa ubanki yadda zai yi da taya ba."

"Ma, ke ba ki san taya ba. Ni na sani."

"Shi ya sa nake da miji." Ta juya wajen Baba. "Salvu, ranar Asabar zai kawo motar. Ka sa masa abin da ya saya. Censa ta ce yaron nan sati biyu ba shi da zance sai tayoyin nan. Kada a ɓata min Lahadi saboda roba."

Baba ya ce, "Miƙo gishiri."

Haka yake. Salvu Buhagiar idan ya yi jimla biyar a yini, to an yi gobara. Tun da Kurt ya fara zuwa nake son jin ra'ayinsa. Sau ɗaya na tsare shi na ce, Pa, ya ka ga Kurt? Ya yi tunani mai tsawo, ya ce, "Yana duba iskar tayarsa." Daga nan bai ƙara ba, ni kuma na kwana ina juya ta, ko yabo ne ko iyakar abin da ya samu ke nan.

Sai dai akwai wata al'ada a shagonmu da ya kamata ku sani, don a kanta komai ya tsaya. Ina 'yar shekara takwas wani mutum ya tsaya a bakin shago yana cewa ta ina zai san Baba ya ɗaure masa taya da kyau. Baba bai yi musu ba. Ya ɗauke ni daga kan aikin makaranta, ya zaunar da ni a kujerar gefen direba, ya ɗaura min bel, ya zagaya da ni: hagu a fitilar ba da hannu, shataletale, tsallaken layin dogo, a dawo ta gaban mai pastizzi, gasasshen fulawar nan mai cuku na 'yan Malta. Ya miƙa wa mutumin makulli. Tun daga ranar, duk motar da muka canza wa girman taya ko rim ba ta barin shagon sai ta yi wannan zagayen da ni a ciki. Lokacin da nake makaranta, manyan mutane da gemu sukan zauna jiran ƙarfe uku da rabi. Har yau idan za a sayar da mota a unguwarmu ana tambaya, Salvu ya zagaya da 'yarsa a ciki? Ba mu da wata takardar shaida da ta wuce wannan. Kullum kuma iri ɗaya ne: ya buɗe min ƙofa ya ce, "Taho." Shekara goma sha tara, kalma ɗaya.

Yau Asabar, ƙarfe tara, jar motar ta shigo da rurinta. Kurt ya fito cikin farin takalmi da farar riga, kayan da ba mai hankalin da zai shigo da su gareji. A bayansa Zija Censa ce a 'yar ƙaramar motarta, tayoyin biyu zaune a kujerar baya, don motar tasa ba ta da wurin ɗaukar tayarta. Minti biyar bayan haka sai ga Mama, wadda rabonta da shagon tun ranar da aka yi masa fenti, da faranti cike da pastizzi da jan baki a leɓe. Ta dubi ɗinkakkiyar rigar aikina mai tabon mai, ta rufe ido kamar mai ciwon kai.

Na ja Kurt gefe, bayan tarin tayoyi, inda iyaye ba za su ji ba.

"Ka bar su a nan in mayar maka da su, in yi odar 275, Litinin sun iso. Gobe ka zo da tsofaffin, ba abin da suka yi."

"Marthese, tsofaffin sirara ne."

"Daidai suke."

Ya shafa kumatuna da bayan yatsa. "Bari mu ji ta bakin Mista Buhagiar."

Wannan ta yi min zafi, ba zan ɓoye muku ba. Shekara tara ina wannan aikin. Direbobin tasi da suka girmi ubana suna tambayata su tafi da abin da na ce. Shi kuma mutumin da gobe zai nemi in ba shi sauran rayuwata yana son jin ta bakin namiji tukuna.

Baba ya zo da ma'auninsa, ya durƙusa da ƙyar, ya auna rim. Ya juya taya ya karanta lambar. Ya dubi Kurt, ya dubi Mama, wadda ta ɗaga masa gira ɗaya. Na jira ya faɗi abin da na faɗa. Ya ce, "Ɗaga motar."

Na tsaya kallonsa. Bai kalle ni ba.

To, motoci irin wannan suna da noti ɗaya a kowace taya da ba ya kwancewa sai da makullinsa, saboda ɓarayi, kuma kowa a aljihun gaban mota yake jefa shi. Na shiga, na buɗe aljihun, na ture takardu da tabarau. Makullin na nan. Kusa da shi akwai ɗan akwati mai shuɗin karan-miski.

Na san abin da mace mai tarbiyya za ta yi. Ni dai na leƙa ta madubi, na ga duk sun taru a kan farantin Mama, na buɗe. Zobe ne, kuma yana da kyau ƙwarai, dutsen ya kai ƙwayar masara. Na goge hannuna a cinya na zura shi. Ya wuce gaɓa ta farko, ya wuce ta biyu, ya zauna yana lilo. Na girgiza hannu kaɗan ya faɗo a tafina. Na gwada a babban yatsa, nan ne ya zauna daram. Kada ku ce na ƙirƙira don labari ya yi daɗi. Da ƙirƙira zan yi, da na ba kaina ƙarshe mai sauƙi. Na mayar da shi na rufe, sai na ga yatsana ya bar baƙin tabo a kan shuɗin. Na goga, ya ƙara faɗi. Na tura shi ƙarƙashin takardu na fito da makullin noti.

Sa tayoyin ya ci kusan awa. Injin kansa sai da ya yi gunaguni. Baba yana gumi, yana shafa sabulu a bakin roba, yana dannawa, ni ina miƙa masa ƙarfe. Da muka sauke motar, bayanta ya yi kama da mutumin da ya ci ya ƙoshi ya ƙi kwance bel. Kurt ya zagaya ta sau uku yana ɗaukar hoto.

"Kai, ta yi ƙiba," in ji Zija Censa, kuma yabo take nufi.

Baba ya sunkuya ya gwada zura yatsa tsakanin taya da jikin mota. Yatsan bai shiga ba. Ya miƙe. A waje yayyafi ya fara, irin siririn nan da ke sa titi santsi.

Ya karɓi makulli a hannun Kurt ya nufi ƙofar gefen direba. Kowa a wajen ya san abin da ke biye, Zija Censa har ta ɗaga wayarta don ta ɗauka. Na fara cire safar hannu, don ƙafata ta saba tafiya da kanta. Baba ya ɗora hannu a kan mariƙin ƙofar. Bai buɗe ba.

"Marthese," ya ce. "Za ki shiga?"

"Wace irin tambaya ce wannan, Salvu?" in ji Mama. "Buɗe mata mana."

Bai ko juya ba. Ni yake kallo, da idanunsa na kullum, kamar yana jiran in faɗa masa farashin wani abu. Shekara goma sha tara bai taɓa tambayata ba, saboda bai taɓa buƙata ba. Sai a lokacin na gane cewa duk ranar da ya ce min taho, ya riga ya amsa tambayar da kansa. Yau ya ƙi amsa min.

Na dubi Kurt. Yana murmushi, ya tabbata. Na dubi Mama, leɓenta na motsi, ina jin sunan wani waliyyi take kira. Na tuna zomaye huɗu da mayafin leshi da Nanna da kyandiranta. Zagayen minti huɗu ne kacal, kuma Baba ne zai tuƙa, a hankali, ba abin da zai same ni. Amma idan na shiga, na sa hannu ke nan cewa tayar ta yi.

"A'a, Pa."

"To," in ji Baba. Ya saki mariƙin.

Kurt ya yi dariya, shi kaɗai. Da ya ga ba wanda ya taya shi sai ya daina. "Mista Buhagiar, motata ce fa."

"Taka ce." Baba ya ajiye makullin a kan kanta. "Ga shi. In ka fita da ita haka, kai ka fita da ita, ba shagona ba. Tsofaffin tayoyinka na nan, in ka so in mayar maka yanzu, kyauta."

Kurt ya juyo gare ni, kunnuwansa sun yi ja. Ya rage murya. "A gaban uwata kika yi min wannan."

"Na faɗa maka ranar Laraba, ba kowa a wajen. Na sake faɗa ɗazu a bayan tayoyi."

Ya buɗe motar, ya sunkuya wajen aljihun gaba, ya ɗauki wani abu ya sa a aljihun wando. Makullin motar kuwa bai taɓa shi ba. Ya fita cikin yayyafi ya shiga 'yar motar mahaifiyarsa, gwiwoyinsa na taɓa ƙirjinsa. Zija Censa ta tsaya a bakin ƙofa ta ce wa Mama, "Doris, ma yi waya." Muryarta ta fi titin sanyi.

Mama ta rufe farantinta da tsumma. "Zomaye huɗu na jiƙa a tafarnuwa tun jiya," ta ce, ba ta fuskanci kowa ba. "Huɗu. Sai ku cinye su, kai da 'yarka da tayoyinku." Ta tafi da pastizzin gaba ɗaya. Mama ba ta taɓa komawa da abinci gida ba, ko ranar da aka yi faɗa a jana'izar kawuna.

Muka rage ni da Baba da jar mota. Ya fara goge sifana ɗaya bayan ɗaya.

"Pa, ka san ba ta dace ba tun da ka auna."

"Tun da ya shigo."

"To me ya sa ka sa su? Ka wahalar da bayanka a banza."

Ya ɗaga sifana ya duba ta a haske. "Da na ƙi, ni na ƙi. Uwarki ta yi fushi da ni sati biyu, a yi Lahadi, a wuce." Ya rataye ta a ƙusa. "Ba ni zan zauna a kujerar ba."

Na ce zan je in duba oda. Na shiga banɗaki na yi kuka na minti biyar, na wanke fuska da sabulun cire mai, na fito idona na raɗaɗi. Ban taɓa son mutumin nan kamar yau ba, kuma ban taɓa jin haushinsa kamar yau ba. Ya ɗauki abin da kowa ke ta yanke min hukunci a kansa, ya dire min a hannu, ya koma goge sifana.

Ƙarfe ɗaya muke rufewa ranar Asabar. Ina jan ƙofar ƙarfe wayata ta yi ƙara. Kurt.

"Akwai man gareji a jikin akwatin."

Na tsaya da ƙofa a rabi. Wani saƙon ya biyo.

"Ki yi odar 275 ɗin. Gobe ƙarfe ɗaya muna nan kamar yadda aka shirya."

Ku duba da kyau. Ya sauko, na yarda, kuma ga mutum irin Kurt wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da Mama ta ga saƙon nan da ta je coci da rarrafe. Amma ko a saukowar tasa umarni ya bayar, har guda biyu. Na rubuta masa dogon jawabi na goge. Na rubuta "to" na goge. A ƙarshe na tura masa kalma uku.

"Girman yatsana nawa?"

Ɗigon nan uku suka fito, alamar yana rubutu. Suka ɓace. Suka dawo. Bas ta wuce, ta biyu ta wuce. Mama ta kira sau biyu ban ɗauka ba. Na san yana can yana neman amsa a intanet, ko yana tambayar uwarsa, ko yana shirin ce min babba ta fi. Na riga na yanke cewa in ya faɗi haka, zomayen Mama mu uku za mu ci su.

Sannan saƙon ya shigo.

"Ban sani ba. Nawa ne?"

Wata takwas, wannan ce tambaya ta farko da Kurt Farrugia ya taɓa yi min. Gaskiyar magana ni ma ban san amsar ba, ba wanda ya taɓa auna ni. Ban kuma san ko tambaya ɗaya ta isa a gina aure a kanta ba, ko kuwa kunya ce kawai ta koya masa ita na yini guda.

Baba ya zo wucewa da jakar abincinsa. Ba ya karanta wayar mutane, haka yake cewa. Ya tsaya a bayana tsawon numfashi biyu, ya koma ciki, ya dawo da ɗan ma'aunin ƙarfen da muke auna kaurin noti, ya ajiye shi a kan kanta kusa da makullin Kurt.

"In kin gama ki kulle," ya ce, ya fita.

Ga ni nan zaune a kan tsohuwar 275, waya a hannun dama, ma'auni yana kallona. Gobe ƙarfe ɗaya saura awa ashirin da uku, kuma har yanzu ban miƙa hannu ba.